Abin da matafiyan Maradi suka ce kan cin abinci a Indiya

A hirar da 'yan kasuwar Maradi masu zuwa Indiya suka yi, bakinsu ya zo ɗaya a kan Tsohuwar Delhi: ka nufi layukan da ke kewaye da babban masallacin Jama Masjid, nan naman halal yake, da biryani da gurasar tanderu mai zafi. Gidan abincin Karim's na can tun 1913. Wani Alhaji ya ce a Mumbai titin Mohammed Ali ya fi, musamman da azumi.

Yaji ne aka ja hankali a kai, kuma ina ganin gaskiyarsu. Duk wanda ya raka majinyaci sai ya ce a rage barkono, ya haɗa da kindirmon Indiyawa. Ruwa kuwa na gora kawai, mai murfi a rufe.