Unforgiven na Clint Eastwood: tuba William Munny ya yi ko dama ce bai samu ba?

Abba_Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. Masu kallon finafinan kaboyi ina da tambaya akan Unforgiven, wanda ya fito a 1992. Wanda bai gani ba ya dakata a nan don za mu tona ƙarshen labarin. William Munny tsohon ɗan fashi ne kuma makashi, ya aje bindiga ya daina giya saboda matarsa Claudia, ita kuma ciwon agana ya kashe ta ta bar shi da yara biyu da garken aladu a Kansas, aladun ma ciwo na ta kama su. Sai ga wani yaro mai kiran kansa Schofield Kid ya zo masa da labarin dala 1000 da karuwan garin Big Whiskey a Wyoming suka sa ga duk wanda ya kashe wasu kaboyi biyu, saboda ɗayansu ya yayyanka fuskar 'yar'uwarsu Delilah da wuƙa. A majalisarmu an rabu biyu, wasu na cewa fim ɗin sanyi gare shi, akta ya kasa hawa doki, ya kasa harbin gwangwani da ƙaramar bindiga, sai can ƙarshe ya farka. Ni kuma abin da ya tsaya min a rai daban ne, mutumin nan da gaske ya tuba ko tsufa da talauci ne suka riƙe shi? Kuma ya kamata mu ji daɗin abin da ya yi a ƙarshe?

Baba_Ɗanladi:
Wa alaikumus salam Abba. Mu da muka taso da kallon kaboyi a silima nan Kano mun san Clint Eastwood, wanda ya fito a Munny kuma shi ne daraktan fim ɗin, tun yana saurayi a finafinan Sergio Leone, guntun sigari a baki, ya harbe mutum uku kafin ka ƙifta ido, ko gumi ba ya yi, mu kuma mu yi ta ihu. To shi da kansa ne ya dawo yana da shekara 62 ya nuna mana abin da ake ɓoyewa a waɗancan. David Webb Peoples ya rubuta labarin tun shekarun 1970, Eastwood ya saya ya aje shi shekaru har sai da tsufa ya fito masa a fuska, kuma a ƙarshen fim ɗin ya sadaukar da shi ga Sergio da Don, wato Leone da Don Siegel, iyayen gidansa a sana'a.

Masu cewa sanyi su koma su sake duba wajen da aka kashe Davey, ɗaya daga cikin kaboyin nan biyu. Ned Logan, tsohon abokin Munny da ya rako shi, wato Morgan Freeman, gwanin harbi ne da doguwar bindigarsa Spencer, ya harbi dokin ya faɗi ya karya wa yaron ƙafa, amma da aka zo ƙarasa shi hannu ya ƙi, ya kasa. Munny ya karɓa yana ta kuskure, daga baya harsashi ya samu yaron a ciki, kuma bai mutu nan take ba, yana kwance bayan dutse yana kuka yana roƙon ruwa, Munny na zaune yana tonon ƙasa da yatsa ya kasa ɗaga kai, har shi da kansa ya ɗaga murya ya ce wa abokan yaron su kai masa ruwa ba zai yi harbi ba. Wallahi a duk kaboyin da na kalla ban taɓa ganin an bar mutum ya mutu a hankali haka a gabana ba. Ni dai na yarda ya tuba. Lokacin da yake jinya bayan dukan da Little Bill shugaban 'yan sandan garin ya yi masa, Delilah ta yi masa tayin kwanciya da mace kyauta ya ƙi saboda matarsa, matar da ke kabari, ba mai ganinsa.

Maman_Iman:
Baba ku yi haƙuri amma ni ban yarda ba. Mutumin da ya bar ƙananan yara su biyu su kaɗai a gona tsakiyar daji ya tafi kashe mutanen da bai taɓa gani ba don kuɗi, tun kafin ya sha giya ma ai ya riga ya koma. Kuma ku lura duk sanda zai ce ya canza sai ya ce matarsa ce ta gyara shi, yana ta maimaitawa kamar yana son ya shawo kan kansa, to tuba don wani ai da wanin ya tafi sai ta fara girgiza.

Abin da ya fi ƙona min rai kuma Delilah ce. Ita aka yanka amma ba wanda ya tambaye ta me take so. Little Bill ya yanke hukunci a biya dawakai, kuma wa za a ba? Skinny mai gidan karuwan, wai shi aka ɓata wa kaya tunda yana da takardar kwantiragi. Ko bulala ba a yi musu ba. Da a ce diyyar nan ita aka ba da babu wanda zai mutu. Ita ma Strawberry Alice, babbar karuwan, da ta haɗa kuɗin, ina bayanta wajen fushi, amma lokacin da Davey ya zo da doki na musamman ya ce na Delilah ne, ita ce ta ja sauran matan suka kore shi da jifa, Delilah na tsaye tana kallo ba ta ce uffan ba. Kuma shi Davey ba shi ya yi yankan ba fa, Quick Mike ne. Duk jinin nan da sunanta aka zubar, ita kuma tana nan da tabonta tana sharar ɗaki.

Kwamanda77:
Aunty kin faɗi gaskiya, hali zanen dutse. Ni matsalata da fim ɗin ma ta wuce nan, awa biyu ana nuna mana kisa abu ne mai muni mai wari, sannan a ƙarshe a ba mu ruwan sama da tsawa da Munny ya shigo mashaya da bindiga a hannu, ta yadda duk wanda ke kallo sai tsikar jikinsa ta tashi ya ji yana so ya gama da su. Kenan daraktan ya ci riba biyu. Ya fara da harbe Skinny da ba ko wuƙa a hannunsa, ya kashe 'yan sandan garin, ya tsaya kan Little Bill yana kwance ya ƙarasa shi, ya yi barazanar kashe iyalan duk wanda ya harbe shi ya ƙone gidansa, sannan rubutun ƙarshe ya ce ana jita-jitar ya koma San Francisco yana kasuwanci yana samun alheri. Mutumin da ya amsa da bakinsa cewa ya kashe mata da yara. Mu nan Arewa maganar tubabbun 'yan bindiga ba a fim muke jin ta ba, shi ya sa ni ba na iya tafa wa irin wannan, wa ya tambayi iyalan waɗanda ya kashe a da?

Kuma Little Bill da ake kira bos, shi ne fa ya hana shigowa da bindiga gari, yana son zaman lafiya ya gina gidansa duk da rufin na yoyo. Mugu ne ba musu, amma doka yake riƙe da ita.

Baba_Ɗanladi:
Kwamanda wace doka? Ya tattake English Bob, wani ɗan bindiga da ya zo neman kuɗin nan, a tsakiyar titi bayan ya karɓe masa bindiga, ya daki Munny yana fama da zazzaɓi har ya fita da rarrafe, ya zane Ned da bulala har ya mutu, Ned da bai kashe kowa ba yana kan hanyarsa ta komawa gida wajen matarsa, sannan aka jingine gawarsa cikin akwati a ƙofar mashaya da allo a jiki. Baƙin mutum ne fa a Amurka ta 1881 ake zane shi da bulala, fim ɗin bai ce komai akan launin fata ba amma ido na gani. Gene Hackman da ya fito a Little Bill ya cancanci Oscar ɗin da ya samu, ɗaya daga cikin huɗun da fim ɗin ya ci har da na gwarzon fim da na darakta, don ya sa mutum irinka ya ji kamar Little Bill na da hujja.

Issoufou_Maradi:
Sannunku 'yan uwa. Ni amsar tambayar Abba a wajen yaron nan na gan ta. Kid ya zo yana cika baki wai ya kashe mutum biyar, ashe ko gani sosai ba ya yi daga nesa kuma bai taɓa kashe kowa ba. Da ya harbe Quick Mike a bayan gida yana zaune, sai ga shi ƙarƙashin bishiya da kwalba yana kuka, ya ba Munny bindigarsa ya ce ya gama har abada, gara ya zauna makaho matsiyaci. Wannan shi ne ya tuba. A wajen nan kuma aka kawo labarin mutuwar Ned, Munny ya miƙa hannu ya karɓi kwalbar ya fara sha ba tare da ya ce komai akai ba, bayan shekaru sama da goma bai taɓa ba. Kwamanda, ni ban ga an yi masa ado a ƙarshe ba, tsoro na ji. Ko da marubucin nan Beauchamp ya matso yana tambayar wa ya fara harbi don ya samu abin sa wa a littafi, Munny cewa ya yi sa'a ce kawai, ya kore shi.

Abba_Fagge:
Na gode ƙwarai jama'a. Maganar Malam Issoufou ta shige ni, amma Aunty Maman Iman har yanzu ina ganin akwai bambanci tsakanin wanda ya koma don kuɗi yana rawar hannu da wanda bai taɓa bari ba, duba yadda ya kasa kallon Davey. Abin da ban gane ba shi ne da ba a kashe Ned ba, da Munny ya karɓi rabonsa ya koma wajen aladunsa bai sha ko ɗigo ba, to a lokacin me za mu kira shi? Kuma Baba don Allah kun kalli wanda Japan suka sake yi a 2013 da Ken Watanabe? Ina so in ji ko can ma an bar shi ya tafi haka nan.