Risibata tana kashe kanta a tsakiyar fim, wace amfilifaya zan ƙara mata?

Baban Biyu
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni shiga harkar nan. Ina da risiba ta silimar gida, wato na'urar da ke karɓar sautin fim ta ba sifikoki wuta, mai layi 7 (kowace sifika da layinta), a takarda an rubuta wat 100 kowane layi. Sifikokin gaba biyu da ta tsakiya duk om 4 ne (ma'aunin turjiyarsu ga wuta), ma'aunin ƙararsu kuma desibel 87, kujerata kuma kamar mita 3 da rabi take daga gare su. Sabufa, wato sifikar sauti mai kauri, ina da ita, mai wutar kanta. Idan fim ya kai wurin harbe-harbe, saman risibar yakan yi zafin da hannu ba ya iya tsayawa a kai, sau 3 ke nan tana kashe kanta. A bayanta akwai ramukan Pre Out, don haka za ta karɓi amfilifaya ta daban. In sayi mai layi 3 in sauke mata nauyin sifikokin gaba kawai, ko in daure in sayi mai layi 7? Kuma wace ƙirar amfilifaya, Class AB ko Class D? Wurin ajiyewa kabad ne, gabansa a buɗe, bayansa a rufe.

Kunne
Wa alaikumus salam. Malam, sabufa kake buƙata. Ni tun da na sayi tawa ban sake waiwayar amfilifaya ba.

Baban Biyu
Yaya Kunne, ai na ce ina da sabufa.

Ɗan Lissafi
Wat 100 ɗin nan yawanci da layi 2 kawai ake auna shi, wani lokacin ma da layi 1. Taransifoma ɗaya ce ke ciyar da duka 7, to idan suka nemi wuta lokaci guda, rabon kowa raguwa yake. Sifika mai om 4 kuma tana jan ninkin abin da mai om 8 ke ja, nan zafin yake fitowa. Kafin ka fitar da ko sisi, shiga saitin risibar ka mayar da sifikokin Small, wato ƙanana, ka yanke su a Hz 80, sabufa ta ɗauki duk sauti mai kaurin da ke ƙasa da haka. Sau da yawa wannan kaɗai yakan hana ta mutuwa. In bai hana ba, mai layi 3 ta ishe ka, amma ka duba abin da aka rubuta mata a om 4, duk layukan suna aiki tare. Kuma ka sani daga wat 100 zuwa 200 desibel 3 kacal za ka ƙaru. Kafin kunne ya ji ƙara ta ninka, sai wutar ta ninka kusan sau 10.

Mai Haƙuri
Ƙanina, duk abin da za ka saya, don Allah kada ka sayi ta hannu. Ni na saya, har yau raina bai huce ba. Mai layi 5 ce, Class AB, nauyinta ya haura kilo 30, mu biyu muka ɗauko ta. Rabin kuɗin sabuwa na biya. A gidan mai ita aka haɗa mata wata 'yar sifika, muka ji minti 5, na ce alhamdu lillahi na yi tsintuwa.

Daren farko na ji wani gunji, huuuu, a duk sifikokin ko da ba a kunna komai ba. Kwana 4 ina cire waya ina mayarwa kafin na gano wayar eriyar talabijin ce ke kawo shi. Wannan ba laifinta ba ne, na yarda. Amma a mako na 3 na danna makunni, na ji wata irin ƙara tamkar an buga ƙofa, sai warin ƙonewa. Na haska fitila na ga fatar sifikata ta tsakiya ta turo waje ta tsaya cak. Sifikar da na yi shekara ina tara kuɗinta.

Na kira mutumin, ya ce lafiya lau ya ba ni. Kira na biyu bai ɗauka ba, na uku ya toshe lambata. Mai gyara ya riƙe ta wata 5, kullum gobe, daga baya ya ce an daina ƙera taransistocin cikinta, sai dai ya sa makamantansu. Sifikar kuma kamfanin ya daina yin irinta, na sayi wata daban, yanzu idan mutum ya ratsa allo yana magana, muryarsa sauyawa take a tsakiya. Da na haɗa abin da na kashe, ya wuce kuɗin sabuwa mai garanti. Matata ba ta ce min komai ba, kuma shirun nan ya fi min zafi.

Maman Yara
Allah ya mayar da alheri, Baba. Mutumin nan bai kyauta ba.

Kunne
Rabin kuɗin sabuwa? An tsauwala maka tun farko. Irin waɗannan kashi 1 cikin 3 ake sayensu. Wani abokina ma ƙasa da haka ya samu, shekara 6 tana aiki.

Mai Haƙuri
To abokinka ya zo ya sayi tawa a kashi 1 cikin 3, har gida zan kai masa.

Tsohon Mai Gyara
Alhaji Mai Haƙuri, abin da ya same ka taransistan fitarwa ne ya haɗe, wutar DC ta zarce kai tsaye cikin sifika ta dafa koyil. Akwai rile da aikinsa shi ne ya yanke kafin hakan, naka ya tsufa ko ya manne. Wanda zai sayi ta hannu ya tafi da mita, a kunna ta babu sifika, ya auna DC a bakin kowane layi. Ya kamata ya ga 'yan milibolt kaɗan. Ya leƙa ta ramukan iska ya ga ko kan kafasitoci ya kumbura, ya bar ta a kunne rabin awa. Ni dai AB nake ba mutane shawara. In ta lalace ina buɗewa in canza abu ɗaya in rufe. Class D kuwa sau da yawa allon gaba ɗaya ake cirewa.

Ɗan Lissafi
Baba, da girmamawa, ka duba inda zai ajiye ta. Kabad ne mai rufaffen baya. AB kusan rabin wutar da ta ja zafi take mayar da shi, Class D kuwa tana amfani da wajen kashi 90 cikin 100. Zafi ne ya kawo shi nan, ba za mu ƙara masa murhu ba. Kuma Class D ta yanzu ba irin ta da ba ce. Allunan kamfanin Hypex na Holan da na Purifi na Denmak, awonsu ya kai na manyan AB, wasu ya wuce.

Tsohon Mai Gyara
Yaro, kai takarda kake karantawa, ni gawarsu ake kawo min. Shekara nawa ka yi da ƙarfen soda a hannu?

Ɗan Lissafi
Ban yi ko ɗaya ba, Baba. Amma waɗanda suka mutu kaɗai ake kawo maka, masu lafiya ba sa zuwa shagonka.

Kunne
Ku duka biyun kun manta da kunne. Na ji Class D a gidan wani, sautin a bushe yake, ba ɗumi. Mita ba ta kallon fim.

Ɗan Lissafi
Kun daidaita ƙarar biyun kafin ka kwatanta? Wadda ta ɗan fi ƙara, ko da desibel 1, ita kunne yake cewa ta fi daɗi.

Mai Kiɗan Taro
Duk ku bar wahala. Ya sayi irin tamu ta taro, mai layi 2, wat ɗari-ɗari har ya gaji, kuɗinta bai kai rubu'in na waɗannan na falo ba.

Baban Biyu
Layi 3 nake buƙata, Malam. Kuma wadda na taɓa tambaya ta taro, kuɗinta ya kusa na risibata.

Mai Kiɗan Taro
Mai tsada aka nuna maka. Sayi biyu, layi ɗaya ya zauna ajiya.

Tsohon Mai Gyara
Da fanka a cikinta. A fili ba a jin ta, a ɗaki idan fim ya yi shiru ita za ka riƙa saurare. Kuma wasunsu suna son sigina mai ƙarfi fiye da abin da ramin Pre Out na risiba, irin na RCA, ke bayarwa.

Maman Yara
Kuna ta rabon wat, maƙwabtan Baban Biyu kuwa suna can suna addu'ar risibar ta ci gaba da kashe kanta. Amma tsakani da Allah, ni ku amsa min wannan: me ya sa a finafinan yanzu ba a jin magana? Mutum biyu suna hira sai ka ƙara, mota ta fashe sai jariri ya farka. Rimot ba ya barin hannuna.

Mai Haƙuri
Wallahi abin da ya sa na shiga neman amfilifaya ke nan tun farko. Na ɗauka wuta ce ta yi kaɗan. Na haɗa ta, kafin ta ƙone min kaya, maganar tana nan yadda take.

Ɗan Lissafi
Don ba matsalar wuta ba ce, Alhaji. Ana haɗa sautin ne don zauren silima, inda kowane layi zai iya kaiwa desibel 105, na sabufa 115. A gida muna ragewa da 15 ko 20, sai magana ta nutse. Hajiya, ki ƙara wa layin tsakiya desibel 2 ko 3, ki kunna saitin dare, ki jawo sifikar tsakiya zuwa bakin kanta ta fuskanci kunnenki.

Maman Yara
Na yi duka, ƙanina. Saitin dare yana kashe wa fim armashi. Su 'yan wasan ne suke magana ciki-ciki kamar masu gulma. Finafinan da, da sifikar talabijin kaɗai kake jin kowace kalma.

Kunne
Gaskiya ne. Ni yanzu ko fim na harshen da nake ji ne sai na kunna rubutun ƙasa.

Baban Biyu
Na gode 'yan uwa. Na duba, sifikokina a Large suke, na mayar da su Small, zan gwada yau da dare. Amma idan ta sake mutuwa, mai layi 3 ko 7?

Tsohon Mai Gyara
Ka fara cire bayan kabad ɗin tukuna.

Maman Yara
Kuma wasu manhajojin kallo sun fi wasu muni. Fim ɗaya ne, a faifai ana jin magana, a intanet sai ka kasa kunne. Akwai wanda ya lura da haka, ko a gidana ne kawai?