Wai wannan kiɗa ne ko wayata ce ta lalace?

Kunne_Biyu:
Assalamu alaikum jama'a. Jiya da daddare ƙanina ya turo min wani bidiyo, wai lallai in saurara. Wasu Jamusawa ne a kan dandamali. Ɗaya yana jibgar falankin ƙarfe da guduma, ɗaya ya riƙe injin huda bango, mawaƙin kuwa sai ihu yake kamar an taka masa wuya. Sunan ma ya gagare ni faɗa: Einstürzende Neubauten. Sai da na zare abin kunne na duba ko shi ne ya samu matsala. Abin da ya ɗaure min kai, zauren cike yake maƙil. Don Allah me suke ji a ciki?

Tsohon_Faifai:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wayarka lafiyarta ƙalau. A Berlin ta Yamma suka kafu a 1980, sunan kuma yana nufin sababbin gine-gine masu ruftawa. Tarkacen ƙarafa da kayan gini su ne gangunansu. Amma ba su suka fara ba. Tun 1913 wani mai zane ɗan Italiya, Luigi Russolo, ya ce kunnen mutumin birni ya riga ya saba da rugugin masana'anta da jirgin ƙasa, goge da sarewa ba za su ishe shi ba. Sai ya ƙera akwatunan katako masu bakin ƙaho, ana murɗa musu hannu suna gurnani da ƙugi. Daga baya makaɗan ƙungiyar Throbbing Gristle a Ingila suka buɗe kamfanin faifansu, Industrial Records, a 1976, sunan wannan salon kiɗa, wato industrial, ya samo asali daga nan.

'Yar_Waya:
Malam Kunne, a waya ba za ka taɓa gane shi ba. Ni ina ɗan taɓawa. Akwai wata 'yar makirfo faifaitacciya kamar kwabo, ba iska take saurara ba, girgizar abin da aka manna ta a kai take ɗauka. Na taɓa manna ta a jikin tsohon kwanon rufi, na ja ƙusa a hankali. Wallahi sai ka ce tsawa ce ke tahowa daga nesa. A zaure kuwa ƙirjinka ne ke ji kafin kunnenka, har rigarka tana rawa.
Amma fa ka tafi da abin toshe kunne. Ma'aunin masu kula da lafiyar ma'aikata shi ne ƙarfin sauti desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin 3 lokacin ya ragu rabi. Ranar da na yi taurin kai, kwana biyu kunnena na dama yana min ƙiii.

Ba_Ruwana:
Hajiya, na yarda da batun ƙusa. Amma a 1985 ɗan wata ƙungiyar makaɗa ta Japan, Hanatarash, ya tuƙa katafila ya fasa bangon wajen wasa a Tokyo. Wannan ma fasaha ce? Ni dai ɓarna na gani, a bar kaza cikin gashinta kawai.

Kunne_Biyu:
Na gode ƙwarai. Na sake kunnawa yau, na kai minti huɗu, har na ji gudumar tana da nata lissafin. Hajiya, ita 'yar makirfon, da me kike manna ta?