Giyar Sienna ta fara zamewa: in gyara ko in sa ta Kofar Ruwa?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana mota ina neman shawararku.

Ina da Toyota Sienna samfurin 2005, mai giya otomatik, da ita nake lodin fasinja daga Unguwa Uku a Kano zuwa Kaduna. Da safe lafiya lau take tafiya. Amma da ta yi zafi, musamman a cunkoson cikin gari, sai inji ya yi ta ƙugi mota ba ta ja, sannan ta shiga giya ta uku da bugu. Ribas ma sai ta yi jim kafin ta kama. Da aka sauke man giyar, baƙi ƙirin ne, yana ƙaurin ƙonewa, ga garin ƙarfe maƙale a maganaɗisun ƙasan. An zuba sabon man giya nau'in T-IV, ba ta daina ba.

Bakanikena ya ce a buɗe a canza faifan kuloci da solonoid (na'urar lantarki mai sarrafa shigar mai a cikin giyar). Wani ya ce kar in soma, in je Kofar Ruwa, kasuwar kayan gyaran mota a Kano, in ɗauko giya ta gwanjo. Hankalina ya fi karkata ga gyaran, don aƙalla zan ga abin da aka sa a ciki. Ta gwanjo kuwa ban san irin wahalar da ta sha ba, kuma kwanakin gwajin da 'yan kasuwa ke bayarwa kaɗan ne.

Injin ƙalau yake, bodi ma haka, kuma da motar nake ciyar da iyalina.

Shin giyar da ta fara zubar da garin ƙarfe tana gyaruwa ta daɗe? In kuma ta gwanjo ce, me zan duba kafin in biya?