Neman shawara: wane fim ɗin Faransa zan nazarta kafin in rubuta labarin shutin da ya wargaje?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum yan uwa. Dan Allah shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka san fina-finan Faransa. Ni aikin kontinuwiti nake yi a lokeshan, wato lura da cewa sutura da kaya da komai sun dace daga fitowa zuwa fitowa, yanzu kuma ina son rubuta gajeren fim nawa na kaina wanda bai wuce minti 30 ba, labarin wasu yan fim ne da suka fita ɗaukar shiri komai ya dinga lalacewa, kuɗin furodusa ya ƙare a tsakiyar aiki, jaruma tana da wani aikin a wani gari sai duba agogo take, mai gidan da aka ara ya dawo ya ce a fitar masa da kaya, shi kuma darakta ya kafe sai an yi abin da yake gani a kansa. So nake a yi dariya amma dariyar da mutum zai yi yana jin abin a ransa, domin wlh na sha ganin yara suna wuni a rana su koma gida ba ko sisi.

Wani malami ya ce min Faransawa sun daɗe suna irin wannan, ya rubuta min suna uku, La Nuit américaine da Le Mépris da Irma Vep. Na fara da Le Mépris, na yi nisa ban ga abin dariya ba, miji da mata ne kawai suke ta sa-in-sa a cikin gida. To wanne ya kamata in fi ba wa ƙarfi? Sannan babban abin da ke damuna, yaya ake zolayar sana'a ba tare da an ci mutuncin abokan aiki ba? Tsorona kada waɗanda na yi aiki da su su kalla kowa ya ce ai da shi nake. Kuma zan iya kallon su tare da ƙannena na ƙungiyarmu ta koyon fim? Na gode.

Mai kyamara:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ajiye Le Mépris tukuna ka nemi La Nuit américaine, shi ne daidai da abin da kake son yi. François Truffaut ne ya yi shi a 1973, kuma shi da kansa ya fito a matsayin daraktan da ke cikin labarin, an ɗauke shi a sitidiyon Victorine da ke birnin Nis a kudancin Faransa, ya ci Oscar na fim ɗin harshen waje a 1974. Abin da zai burge ka shi ne babu mugu ko ɗaya a ciki, amma matsala ba ta yankewa. Akwai tsohuwar jaruma da ke shan giya saboda damuwar da take ciki, ta kasa riƙe layinta har aka dinga manna mata takardu a bango, kuma duk sanda aka zo wajen fita sai ta buɗe ƙofar da ba ita ba a sake ɗauka. Wata jarumar ashe ciki gare ta ba ta faɗa ba. Wajen wanke fim aka lalata musu wata babbar fitowa mai taron jama'a, dole a sake. Jarumin saurayi budurwarsa ta gudu da wani ya rufe kansa a ɗaki ya ce ya bar fim. Har kyanwa aka kawo ta sha madara a gaban kyamara ta ƙi, sai da aka nemo wata. Daga ƙarshe babban jarumin ya mutu a hatsarin mota saura fitowar ƙarshe, sai suka sa wani a madadinsa suka ɗauke shi ta baya.

Ka lura da wani abu tunda aikinka kenan, mai kontinuwiti a fim ɗin, wadda Nathalie Baye ta fito a matsayinta, ita ce kusan ta fi kowa hankali a lokeshan ɗin, ita ke ɗinke duk ɓarakar da manya suka yi. Ni da kai ne ta idon mai kontinuwiti zan ba da labarin, domin shi ne yake ganin kowa kuma ba mai kula da shi.

Ɗan Maraɗi a Liyon:
Sannunku. Mai kyamara ya yi gaskiya amma ni Irma Vep nike ganin ya fi kusa da halin da ɗan uwanmu ya faɗa, don na Truffaut ma'aikata suna son juna ƙwarai, shi kuwa wannan gulma ce da ɗora ma juna laifi tun daga farko har ƙarshe. Olivier Assayas ya yi shi cikin 1996 da kuɗi kaɗan cikin kamar wata guda. Jaruma Maggie Cheung ta Hong Kong ta fito da sunanta na gaskiya, an gayyato ta Paris a sake yin wani tsohon fim marar magana mai suna Les Vampires wanda Louis Feuillade ya yi tsakanin 1915 da 1916. Ta sauka ta iske ofis a hargitse kowa na kan waya ana faɗa kan kuɗi, ba ta jin Faransanci sai Turanci, daraktan kuma wanda Jean-Pierre Léaud ya fito a matsayinsa tsoho ne da zamaninsa ya wuce, shi kansa bai tabbata abin da yake so ba. Ranar da sunka zauna kallon abin da anka ɗauka ya tashi cikin fushi ya fita, kowa ya watse aka manta da baƙuwar a bakin titi, sai mai kula da sutura ta ɗauke ta a babur. Daga baya hankalin daraktan ya gushe, anka kawo wani, shi kuma abu na farko da ya ce shi ne a cire yar China a sa Bafaranshiya.

Amma akwai abin da in ba ka san shi ba rabin zolayar zai wuce ka. A Faransa akwai hukumar fim ta gwamnati, CNC, tun 1946, ana cire haraji sama kaɗan da kashi 10 cikin ɗari daga kowane tikitin sinima, har na fina-finan Amurka, a zuba shi cikin harkar fim ta ƙasar. Tun 1959 kuma lokacin ministan al'adu André Malraux akwai tsarin ba darakta kuɗi tun kafin ya fara, a biya daga abin da fim ya samo. Shi ya sa cikin Irma Vep akwai ɗan jarida da ke hira da Maggie yana yabon fina-finan faɗa irin na John Woo yana zagin daraktocin Faransa, wai suna cin kuɗin jama'a suna yin fim don kansu da abokansu. Wannan rigimar tasu ce, kada ka ɗauko ta. Kai inda kake ba wanda ke ba darakta kuɗi ya yi abin da ransa ke so, ka nemo taku rigimar.

Anti Malama:
Ƙanina bari in amsa tambayarka ta ƙarshe tunda ba wanda ya taɓa ta. Kada ka kunna ko ɗaya a gaban yara sai ka fara kalla kai kaɗai. Le Mépris da tsiraici ya buɗe, Irma Vep akwai kaya masu matse jiki da wata fitowa a ɗakin otal da ba ta dace da su ba, shi ma na Truffaut akwai mu'amalar maza da mata a ciki. Ka zaɓi fitowar da kake son koyarwa ka nuna ita kaɗai, ta kyanwar nan da ta ƙofa sun ishe ka darasi guda.

Sannan ban yarda a ce ka ajiye Le Mépris gaba ɗaya ba. Ba fim ɗin dariya ba ne, gaskiya ne, kuma musun da ka gani a cikin gida ya kai kusan rabin awa, amma ka koma ka kalli wajen da suke ɗakin duba fim a Roma. Furodusa Ba'amurke ne, Jack Palance ya fito a matsayinsa, darakta Bajamushe ne, Fritz Lang da sunansa na gaskiya, marubuci Bafaranshe, Michel Piccoli ya fito a matsayinsa, ga tafinta a tsakiya tana juya magana, kowa da fim ɗin da yake so a yi daga tsohon labarin Girkawa na Odisiyus. Furodusan ya fusata ya yi jifa da gwangwanin fim, ya rubuta wa marubucin cek a kan bayan sakatariyarsa, shi kuma ya karɓa don yana da kuɗin gidan da zai biya. Daga nan matarsa ta fara raina shi. Kuma abin da ya faru a wajen fim ɗin ya yi kama da na ciki, domin masu kuɗin da suka ɗauki nauyin daraktan fim ɗin, Jean-Luc Godard, a 1963 su ne suka matsa sai an ƙara nuna jikin Brigitte Bardot, wadda ta fito a matsayin matar marubucin, shi ya sa aka ƙara fitowar farkon nan. In kana son rubuta furodusanka, nan za ka ga yadda kuɗi ke sa mai ilimi ya sunkuyar da kai.

Edita:
Ni fa na Truffaut ya yi min laushi da yawa. Kowa kirki, darakta mai haƙuri kamar ba ɗan Adam ba. Godard ma abin da ya gani kenan, bayan fim ɗin ya fito ya rubuta wa Truffaut wasiƙa ya kira shi maƙaryaci, a cikin wasiƙar kuma ya nemi ya sa masa kuɗi a fim ɗinsa na gaba, Truffaut ya mayar masa da amsa mai zafi shafi 20, abotarsu ta mutu kenan har Truffaut ya rasu a 1984. To ka ga tsoronka ba na banza ba ne, irin wannan fim ɗin yana raba mutane, kuma abin lura shi ne wannan rigimar ba don an zagi wani ba ce, don ana ganin darakta ya wanke kansa ne.

Ka ƙara da sababbi guda biyu. Coupez! na Michel Hazanavicius, wanda ya buɗe bikin fina-finai na birnin Kan a Faransa na 2022, maimaicin wani fim ɗin Japan ne na 2017. Kusan rabin awar farko za ka ga fim ɗin aljanu mara kyau da aka ɗauka a ja ɗaya ba yanka, kana ta mamakin me ya sa jarumai ke tsayawa suna surutu mara kai, sai a koma baya a nuna maka abin da ke faruwa a bayan kyamara a daidai wannan lokacin, duk abin da ka ɗauka shirme ne ashe dabarar ceton aiki ce. Akwai jini da amai da yawa, na faɗa maka. Sai Making Of na Cédric Kahn na 2023, darakta yana fim a kan ma'aikatan masana'anta da ke gwagwarmayar kada a rufe musu wajen aiki, masu kuɗi suka janye saboda ya ƙi canza ƙarshen labarin, sai ga nasa ma'aikatan ana neman su yi aiki ba biya. Wannan shi ne maganar yaran da ka ce suna komawa gida ba ko sisi.

Mai tambaya:
Kai, Allah ya saka da alheri, na ƙaru sosai. Tsarin Coupez! ya shiga raina domin minti 30 zai ɗauke shi, goma na farko shirin da ya lalace, sauran kuma dalili. Amma Edita maganarka ta ƙara min tsoro, in na nuna furodusa bai biya yara ba ai kowa ya san ana yi, kuma gobe wajensu zan koma neman aiki.

Mai kyamara:
Edita ban yarda Truffaut ya wanke kansa duka ba. Ka tuna wajen da jarumar da Jacqueline Bisset ta fito a matsayinta ta shiga damuwa ta kulle kanta, darakta ya je lallashi ta faɗa masa abin da ke zuciyarta, washegari sai ga maganganun nata an rubuto mata su a matsayin layin da za ta faɗa a gaban kyamara. Wannan ba ƙaramin tonon asiri ba ne ga darakta, kuma shi ne yake sanye da rigar daraktan. Ɗan uwa nan amsarka take, ka fara da ɓangarenka. In mai kontinuwiti ne ke ba da labarin to ka ba shi nasa laifin, ya ga hular jarumi ta canza tsakanin fitowa biyu ya yi shiru don yana tsoron darakta, ko ya san kuɗi ya ƙare bai faɗa wa yara ba. Kamar wasan taubasai ne, ana jure shi ne saboda kai ma ana yi maka.

Anti Malama:
Ƙari a kan wannan, kada ka ɗauki mutum ɗaya ka kwafe shi, yadda yake magana ko irin motarsa ko wata kalma da aka san shi da ita, nan ne ake gane mutum kuma nan ne zolaya ke zama cin fuska. Ka haɗa halin mutum uku ko huɗu a jiki ɗaya. Furodusan kuma ka ba shi dalili, a ga shi a waya yana roƙon wanda ya yi masa alkawarin kuɗi, a ga ya sa filinsa jingina, sannan a ga ya hana yara haƙƙinsu, duka biyun gaskiya ne kuma kada ka rage ko ɗaya don tsoro. In ka gama rubutun ka kai wa mutum biyu daga cikin waɗanda kake jin nauyinsu su karanta tun kafin a fara ɗauka, ka tambaye su me ka manta, za ka sha mamakin labaran da za su ƙara maka da bakinsu.

Ɗan Maraɗi a Liyon:
Abu guda kafin ka fara, tsarin nan na komawa baya yana cin shiri fiye da yadda ake zato, don duk abin da anka gani a kashin farko dole ya dace da na biyu daƙiƙa da daƙiƙa, inda mai fitila yake tsaye, lokacin da janareta ya mutu, wanda ya shigo ta ƙofa. Ka rubuta kashi na biyu tukuna, wato abin da ke faruwa a bayan kyamara, sannan ka fitar da na farko daga cikinsa. Kuma ka ware kuɗin yaran da za su yi maka aikin tun kafin ka kira kowa lokeshan, in bai kai ba ka rage kwanakin ɗauka ko ka rage yawan jarumai.