Neman kalma: me za mu kira "clay body" da Hausa?

Malama Rabi (Aboabo):
Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwa. Ran Asabar za a fara koya wa matasa ginin tukwane na zamani a nan Aboabo ta Kumasi, takardar darasi kuma za ta tafi wurin bugawa ran Alhamis. Shafi ɗaya ya tsaya mini, na clay body da recipe ɗinsa. Ba ƙasar da aka haƙo daga rami ake nufi ba, ƙasa ce iri biyu ko uku da garin duwatsu, a auna a haɗa don su nuna a wani zafi da aka ƙayyade. Misalin da ke takardar: kawolin 25, yumɓu mai danƙo da Turawa ke kira ball clay 25, felsfa 25, silika 25, a gasa a wajen digiri 1280 na Salshiyas. Na rubuta "jikin yumɓu" amma bai kwanta mini ba.

Malam Idi (Asawase):
Wa alaikumus salam. Ba zai kwanta ba, Malama. Tulu ke da jiki. Ki sa "kwaɓin yumɓu".

Hajiya Zainabu (Nima, Ankara):
Kwaɓi sai da ruwa, Malam, lambobin nan kuwa nauyin busasshen gari ne tun ruwa bai taɓa shi ba. Ni "haɗin yumɓu" na fi so, recipe kuma "awon haɗi". A bar kwaɓi ga lokacin da aka zuba ruwa ana cuɗawa.

Ƙanwata, tunda awo ne, ki rubuta musu da babban baƙi cewa da sikeli ake yi, ba da olonka, gwangwanin awo na kasuwa, ba. Olonka ɗaya ta garin silika ta fi ta kawolin nauyi, wanda ya auna da gwangwani ya riga ya sauya haɗin bai sani ba. Jimillar awo 100 ce. Mai son kilo 20 na haɗinki zai ɗebi kilo 5 na kowanne. In an ga an rubuta bentonait (wani yumɓu mai tsananin danƙo) 2 a ƙasan jimilla, ƙari ne a kan ɗarin, wato giram 400 a kilo 20, don danƙo. Kada ya wuce 3, in ya wuce sai bushewa ta yi nawa, kaya su tsattsage.

Karanta awon kuma tambaya uku ce: me ke riƙe gini, me ke narkewa, me ke tsayawa da ƙarfinsa a wuta. Kawolin da yumɓu mai danƙo su ne rabin haɗin, su ke sa a iya ja da lanƙwasa. Kawolin fari ne amma danƙonsa kaɗan, ɗayan kuwa danƙo gare shi amma yana tsukewa sosai yana rage fari. Felsfa ke narkewa ya toshe ƙofofin da ruwa ke bi. Ya yi kaɗan kofi ya yi yoyo, ya yi yawa faranti ya lotsa ko ya kumbura. Silika ke rage tsukewa, tana kuma taimaka wa shafen gilas, wato shafen da ke sa kaya ƙyalli, ya zauna ba tare da ya yi zane-zanen tsaga ba.

Alhaji Baba (Sabon Zongo):
Haɗin yumɓu ba laifi. Amma kawolin, felsfa, silika, bentonait, ina Hausar a nan? Kakanninmu sun san farar ƙasa, wato kawolin, sun san dutsen ƙanƙara, wato silika. Shi kuma felsfa, tunda aikinsa a wuta shi ne abin da kanwa ke yi wa wake a tukunya, sunansa "kanwar yumɓu". Malama, ki sa haka, yaro na jin sa ya gane.

Malam Idi (Asawase):
Ranka ya daɗe, dutsen ƙanƙara na karɓa, daidai ne. Farar ƙasa ce ba zan karɓa ba. A bakin mutane da ayilo, farin yumɓun da ake kawowa daga garin Anfoega, da abin da ake shafa wa bango duk farar ƙasa ne, na bangon kuwa dangin dutsen siminti ne. Ƙwayarsa ɗaya kamar ta gero in ta shiga haɗi, tukunya za ta fito daga wuta lafiya, bayan kwanaki ƙwayar ta sha laimar iska ta kumbura ta ɓalle gefen tukunyar, a ga farin ɗigo a cikin ramin. A ce "farin yumɓu", ko a bar shi kawolin.

Hajiya Zainabu (Nima, Ankara):
Kanwar ma haka, Alhaji. Kwatancin ya yi kyau, amma a takardar koyo wani zai jiƙa kanwa ta gaske ya zuba. Kanwa tana narkewa a ruwa, felsfa ba ya narkewa. Kwaɓin zai sake, a gina ya ƙi tsayawa, in ya bushe gishirin ya fito ya yi fari-fari a baki. "Mai narkarwa" ya isa.

Alhaji Baba (Sabon Zongo):
Mai narkarwa bayani ne, ba suna ba ne. Wuta ma mai narkarwa ce. Kanwar yumɓu ita ce kalma.

Sani (Alabar):
Baba, a gafarce ni. Yaran da za su zauna ran Asabar da yawansu "laka" suke cewa, yumɓun ma sai an yi musu bayani. Me zai hana "haɗin laka"?

Alhaji Baba (Sabon Zongo):
Ɗana, laka ita ce wadda ake takawa a bakin kwata da damina. Je Kano ko Zariya ka ce wa magini yana gini da laka ka ji amsar da zai ba ka. Abin da za a buga a takarda da Hausar asali ake rubuta shi.

Sani (Alabar):
Hausar Zongo ma tana da asali, Baba, ba jiya muka sauka a ƙasar Tonawa, wato Asante, ba. Wannan gini na wuta mai zafi ma, Baturen magini Michael Cardew ya yi aikinsa a Alajo cikin Ankara, babban birnin Gana, daga 1942, ya koma Vume a 1945, daga baya ya tafi Abuja ta da, wadda ake kira Suleja yanzu, inda maginiya Ladi Kwali ta shiga wurin koyarwarsa a 1954. Ba sai mun jira Kano ta raɗa mana suna ba.

Alhaji Baba (Sabon Zongo):
Sana'a daban, harshe daban.

Malam Idi (Asawase):
Jama'a, Alhamis na matsowa. Malama, abin da ya fi suna muhimmanci a shafin shi ne kada awo ya fita ba tare da zafin wutarsa ba. Matan Pankrono a fili suke toya asanka, wato kaskon niƙa, da tukwane da itace, wutar ba ta kai digiri 1000. Felsfa sai an haura 1100 yake fara aiki. Wanda ya kai haɗinki wannan matoya zai kwaso farin abu mai gautsi. A irin wannan wuta jan yumɓu ake so, kamar na Mfensi ko Afari, da dakakken tsingaro wajen kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, don ruwa ya samu hanyar fita kada tukunya ta fashe.

Gwaji kuma ga shi. A murza kwaɓi kamar kaurin fensir a naɗa a yatsa, in ya tsage danƙo bai isa ba. A yi sanda mai faɗi, a ja layi santimita 10 cif tun tana ɗanye, a shanya, a gasa, a sake aunawa. In ta koma 8.8, tsukewa kashi 12 ke nan, daidai ne ga kayan wuta mai zafi. Ta haura 15, a sa ran karkacewa. Sai shan ruwa: a auna gasasshen guntu a bushe, a tafasa shi awa 5, a bar shi cikin ruwan kwana ɗaya, a goge, a sake aunawa. Giram 50 ya koma 51, kashi 2 ne, kofi zai riƙe shayi. Ya koma 56, kashi 12 ne. Wannan aibi ne ga kofi, amma ga randa shi ake nema, don tsattsafowar nan ce ke sanyaya ruwa.

Malama Rabi (Aboabo):
Allah ya saka da alheri. Ga abin da zan kai: haɗin yumɓu, awon haɗi, kwaɓi ga jiƙaƙƙe, dutsen ƙanƙara, dakakken tsingaro, tsukewa, shan ruwa. Kawolin zai zauna da "farin yumɓu" a gefensa. Sani, a layin farko zan rubuta "yumɓu, wato lakar ginin tukwane". Felsfa na bar shi felsfa, da bayanin cewa shi ne mai narkarwa.

Alhaji Baba (Sabon Zongo):
To, takardarki ce, 'yata. Haɗin yumɓu na yarda. Felsfa ban yarda ba, in za a sake bugu a dawo da maganar kanwa.

Hajiya Zainabu (Nima, Ankara):
A dawo da ita, Alhaji, amma da gargaɗi a gefe cewa ba ta miya ba ce. Rabi, shafen gilas fa, shafi na gaba ne ko sai wani mako?