An zaɓe ni tafiya Amurka, amma taken shirin ya hana ni barci

Mai tambaya (a sakaya sunana): Salam 'yan uwa. Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata tara da wata ƙungiya mai raba maganin ƙanjamau a nan Kano. Na fara ne da ɗaukar fayil, ko kujera ba ni da ita, albashin farko sai da ya yi wata uku bai fito ba, Mama ce ta sayar da tunkiyarta na riƙa hawa adaidaita daga Kurna. To yanzu an sa sunana a shirin IVLP na gwamnatin Amurka, na kai baƙi ziyarar ƙaro ilimi can, sati uku ana zagaya garuruwa da mutum. Jiya na je Zoo Road aka buga min takardar, sai a shafi na biyu na ga taken rukuninmu: haƙƙin masu neman jinsi ɗaya da horon shugabanci. Yaron shagon ya tsaya yana karantawa, na fizge abata. Mama kuwa ta gama shelanta wa layinmu, har ta ba da kuɗin dambun nama. In je ko in haƙura?

Yaya na Fagge: Ƙanwata, kada ki soma. Dokar da Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ba wasa ba ce: shekara 14 ga masu auren jinsi, shekara 10 ga wanda ya kafa ƙungiyarsu ko ya tallafa mata. Ga shari'ar Musulunci a Kano tun 2000. Na san kan abin nan, ki yaga takardar.

Wata daga Tarauni: Yaya, dokar ba ta ce kada a je taro a wata ƙasa ba, ta samu lauya na gaske ya duba mata. Ni Mandela Washington na je, wani shirin Amurka na matasan shugabannin Afirka, sati shida. IVLP tun 1940 ake yin sa, kuma ba a cike fom a nema, ofishin jakadanci ne ke zaɓo mutum. Ki koma wajen wanda ya ba da sunanki ki ce ko akwai rukunin kiwon lafiya. In kin tafi, ki kula da hoton rukuni, shi ke yawo a waya kafin ki sauka.

Yaya na Fagge: Lauyan ne zai hana dangin mijinta magana? Baki bai san doka ba.

Wani ɗan Kwari: Ku dai kuna da sa'a. Sau biyu ana hana ni biza a wani ofishin jakadanci, kuɗin fom, kuɗin mota zuwa Abuja, kwana a masaukin da ko ruwa babu. Minti biyu bature ya miƙo min fasfona.

Hajiya daga Gwale: 'Yar nan, maigidan naki ya ga shafi na biyun?

Mai tambaya: Hajiya, wannan wata maganar ce. Ni abin da ba ku gane ba, duk wanda ya zo karɓar magani ba na tambayarsa da wa yake kwana, katinsa nake dubawa. Akwai yaron da ke zuwa bayan magariba da hula har ido don kada a gan shi, wata huɗu ke nan bai zo ba, maganinsa na nan a durowata. In can za su nuna min yadda irinsu ba za su guje wa asibiti ba, laifi ne?

Yaya na Fagge: Ashe dama kin gama yanke hukunci, mu kike ɓata wa lokaci.

Wata daga Tarauni: Ki sani kuma bizar J-1 ce, wadda ake ba masu zuwa irin wannan shirin, tana iya zuwa da sharaɗin zaman shekara biyu a gida kafin wasu bizojin.

Mai tambaya: Ni ba guduwa zan yi ba. Kuma ban yanke komai ba, Yaya. Jibi suke son amsa.

Wani ɗan Kwari: Don Allah in kin fasa, ana iya mayar da gurbin ga wani?